Gwajin gashi da gajiyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Tambaya: Likita, shekarata 36. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da gajiyar da barci ba ya maganinta. Al'adata tana zuwa da yawa har da gudaji, gashina yana zuba, cikina kullum a kumbure, bayan gida sai da ƙyar. Na je asibiti an auna jinina an ce ba a ga komai ba. Yanzu na ga ana tallar wani gwaji, wai a yanki gashin ƙeya a aika ɗakin gwaje-gwaje, su gaya wa mutum sinadaran da suka yi masa kaɗan, da gubar da ta taru a jikinsa, har da yanayin homon ɗinsa. In yi?

Amsa: Sannu da jiki 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Shawarata ita ce kada ki yi wannan gwajin. Ciwonki na gaske ne, kuma ba na cikin masu cewa "tunani ne ya yi miki yawa" su sallame ki. Abubuwan da kika lissafa, gajiya da yawan jinin al'ada da zubar gashi da taurin ciki, suna nuna hanya ƙarara ga likitan da ya zauna ya saurare ki, kuma hanyar ba ta bi ta gashin ƙeyarki ba. Zan yi miki bayani dalla-dalla, domin na san in na tsaya a "kada ki yi" kawai, gobe tallar za ta sake fito miki a waya, ita kuwa ta fi mu iya lallashi.

Yadda ake gwajin shi ne a yanko gashi daga ƙeya dab da fatar kai, a ɗauki santimita 3 zuwa 4 na wajen gindin, a sa a ambulan a aika. A can sai a narkar da shi da asid, a sa a na'urar da take auna sinadarai irin su kalsiyam, magneziyam, sodiyam, fotasiyam, zink, tagulla, seleniyam, da masu guba irin su dalma, asenik da zaiba, wato makuri. Na sha ganin takardar sakamakon a hannun mata. Shafuka ne masu yawa, masu launi, da layuka tsaye a jere, wannan ya haura sama an yi masa ja, wancan ya gaza an yi masa rawaya. A ƙasa an rubuta cewa tayirod ɗinki, wato glandar gaban wuya, ta yi sanyi, ko tagulla ta ɓuya a jikinki. Shafin ƙarshe kuma jerin ƙwayoyin da za ki saya ne, galibi daga hannun wanda ya tura ki gwajin, tare da umarnin ki maimaita bayan 'yan watanni. Macen da ta shekara biyu ana ce mata "ba ki da komai", ranar da ta riƙe takardar da ta ce mata "ga abin da ke damunki", har ƙwalla takan yi don daɗi. Na fahimci wannan sarai, kuma shi ya sa abin yake ci mini rai.

Masu tallar suna da gaskiya a wuri biyu. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, don haka gindinsa yana ɗauke da tarihin watannin da suka wuce, alhali jini hoton ranar da aka ɗebe shi ne. Gaskiya ne kuma cewa jiki yana tsare adadin wasu sinadarai a jini ko ta halin ƙaƙa. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam yana cikin ƙashi da haƙori, magneziyam ɗin da ke yawo a jini kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda ke jiki ba. Saboda haka jini ba ya faɗin komai da komai. Amma gazawar jini a wani wuri ba ta zama hujjar cewa gashi ya iya ba. Sai an nuna cewa abin da ke cikin gashi yana tafiya daidai da abin da ke cikin hanta da ƙashi da tsoka, kuma ga yawancin sinadaran nan ba a nuna hakan ba.

Gashin da ya fito waje matacce ne, ba jinin da ke ratsa shi. Daga ranar da ya ɓullo yana kwasar abin da ya taɓa shi, kamar rigar da aka shanya a waje tana kwasar ƙura da hayaƙi. Shamfun amosani da yawa suna ɗauke da seleniyam ko zink, sai gwaji ya nuna waɗannan sun yi miki yawa. Ruwan wanka mai gartsi yana barin kalsiyam da magneziyam a gashi. Ruwan bututun tagulla ko na wurin ninkaya yana barin tagulla. Rini da man miƙar da gashi suna buɗe jikin silin, ya riƙa shan wasu sinadaran yana zubar da wasu. Akwai ma rinin furfura da aka daɗe ana yi da sinadarin dalma, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke shawarar janye amincewarta da shi a 2018. Na'ura ba ta iya bambance dalmar da ta fito ta jini da wadda aka shafa daga waje, duk lamba ɗaya za ta buga. In ɗakin gwajin ya wanke gashin kafin aunawa, wankin yana tafiya da sodiyam da fotasiyam. In bai wanke ba, ya auna gumi da man kitso da ƙura. Har yau ɗakunan ba su daidaita kan hanya ɗaya ba.

Ko da an kawar da datti, akwai wata matsalar daga cikin jikin. Yaron da yunwa ta yi wa mummunan kamu, zink ɗin jikinsa ya ƙare, ana iya samun zink ɗin gashinsa daidai ko ma sama, saboda gashin ya rage tsiro, ɗan abin da ya shiga ya taru wuri guda. Ayon ɗin gashi kuwa, wato sinadarin ƙarfen da ake gina jini da shi, ba ya nuna abin da ke ma'ajiyar jiki. Ki riƙe wannan, domin shi ne sinadarin da na fi zargi a lamarinki.

An gwada ɗakunan da kansu. Wani likita a Amurka, Stephen Barrett, ya ɗauki gashin 'yan mata biyu masu ƙoshin lafiya ya aika wa ɗakunan gwaji 13 da sunaye na aro. Sakamakon ya sha bamban daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ma gashin mutum ɗaya da aka aika wa ɗaki ɗaya sau biyu ya dawo da lambobi daban. Shida daga cikin ɗakunan sun ba da shawarar shan ƙwayoyi, kowa da nasa. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ce ta buga binciken a 1985. Aka ce ai na'urorin wancan zamanin ne ba su da kyau. To, a 2001 Sharon Seidel da abokan aikinta a ma'aikatar lafiya ta jihar Kalifoniya suka buga sakamakon sake gwadawar da suka yi. Gashin mutum ɗaya mai lafiya suka raba wa ɗakuna 6 waɗanda su ke yin kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan gwajin a Amurka. A sinadarai 12, lambar da wani ɗaki ya bayar ta ninka ta wani fiye da sau 10. Kusan kowane sinadari, wani ɗaki ya ce ya yi yawa, wani ya ce daidai ne, wani ya ce ya yi kaɗan, shawarwarin abinci da ƙwayoyi kuma suka ci karo da juna. Tun 1984 ƙungiyar likitocin Amurka ta ɗauki matsayin cewa ba a dogara da gwajin gashi wajen yanke wa mutum magani.

Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da ya kamata kowa ya sani, domin ya shafi duk gwajin da ake auna abubuwa barkatai a lokaci guda. Abin da ake kira "daidai" a takardar gwaji galibi shi ne inda mutum 95 cikin 100 masu lafiya suke faɗawa. Ke nan a kowane abu guda, mutum 5 cikin 100 masu lafiya ƙalau za su fita layi. In aka auna abu 30 a jikin mai lafiya, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya ya fita layi ya kusa 8 cikin 10. Da wuya ki karɓi takardar ki rasa jan layi, kuma kowane jan layi da ƙwayar da ake sayarwa dominsa.

Sai batun homon, wanda shi ne ya fi jan hankalin mata. Gwajin ba ya auna homon ko ɗaya. Abin da ake yi shi ne a raba lambar kalsiyam da ta fotasiyam a ce wannan ma'aunin tayirod ne, a raba sodiyam da magneziyam a ce wannan na adrinal ne, glandar da ke saman ƙoda, a raba zink da tagulla a ce wannan na homon ɗin mata ne. Lambobi biyu da ba su tabbata ba, in aka raba ɗaya da ɗaya, na uku da zai fito ya fi su rashin tabbas. Likitocin homon ba sa aiki da waɗannan ma'aunan. "Gajiyar adrinal" da takardun suke yawan ambata, wani mai maganin da ba na asibiti ba, James Wilson, shi ya ƙirƙiro sunan a 1998. A 2016 wasu likitocin homon biyu a Birazil suka tattara bincike 58 da aka yi a kai, ba su samu hujjar cewa akwai irin wannan cutar ba. Akwai gazawar adrinal ta gaskiya, cutar Addison, mai zuwa da rama, saukar hawan jini, duhun fata da kwaɗayin gishiri. Tana iya kisa, kuma da gwajin kotisol, homon ɗin da adrinal ke fitarwa, na jinin safe ake fara nemanta. Abin da ya fi damuna shi ne "ɓoyayyiyar tagulla". In tagulla ta yi yawa a gashi, a ce guba ce. In ta yi kaɗan, a ce ta ɓuya a hanta. In kika sha ƙwayoyin kika ji sauƙi, a ce suna aiki, in jikin ya ƙara rikicewa, a ce gubar ce take fita, ki ci gaba. Duk bayanin da babu wani sakamakon da zai iya ƙaryata shi, ba a ɗora lafiyar mutum a kansa.

Gashi yana da inda yake da amfani, kuma masana suna aiki da shi. Zaibar da ake samu ta cin manyan kifaye tana taruwa a gashi kimanin ninki 250 na abin da ke jini, kuma an san yadda lambar take tafiya da illa. An yi amfani da gashi wajen nazarin gubar Minamata a Japan, wadda aka gano a 1956, da ta Iraƙi a 1971 zuwa 1972 lokacin da mutane suka ci irin shukar da aka yi wa feshin zaiba. Ana kuma amfani da shi a binciken kotu kan miyagun ƙwayoyi. A 2001 hukumar Amurka mai kula da abubuwa masu guba ta tara masana kan wannan batu, suka ce in ban da irin wannan zaibar, babu isassun bayanan da za su sa a hango illa ga lafiyar mutum daga gashinsa. In da gaske ana zargin guba, saboda aikin da kike yi ko ruwan da kike sha, dalma a jini ake aunata, asenik a fitsari.

Wata za ta ce, ko bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Almakashin ba ya cutarwa, abin da ke biyo baya ne yake yi. Zink in ya wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana hanji ɗaukar tagulla, ƙarancin tagulla kuma yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa, wadda ba koyaushe take warkewa ba. Seleniyam in ya yi yawa yana zubar da gashi, ya lalata farce, ya kawo gudawa da gajiya, wato ainihin abin da ake gudu. A 2008 mutum 201 a jihohi 10 na Amurka suka kamu da gubarsa daga wani maganin ƙarin sinadarai na ruwa da ya ƙunshi ninki 200 na abin da aka rubuta a kwalbar. Aidin mai yawa yana iya rikita tayirod. Mafi haɗari shi ne ƙarin ruwan "wanke guba" ta jijiya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutuwar mutum 3 tsakanin 2003 da 2005 saboda irin wannan maganin ya janye musu kalsiyam daga jini har zuciya ta tsaya. Ban da wannan duka, akwai watannin da suke wucewa ana bin takarda mai launi, ainihin ciwon yana can yana cin jiki.

Yanzu mu dawo kanki. Da kika ce an auna jini ba a ga komai ba, tambayar da zan yi miki ita ce, me aka auna? Sau da yawa yawan jini kawai ake dubawa, himogulobin, in ya kai giram 12 a desilita ga macen da ba ta da ciki sai a ce lafiya lau. Amma jiki yana da ma'ajiyar ayon, kuma sai ta ƙare kaf kafin himogulobin ya fara sauka. Mace tana iya shekaru a wannan tsakanin, jininta "daidai", ma'ajiyarta wayam. Gwajin da ke nuna ma'ajiyar sunansa feritin, kuma ba a cika yinsa ba sai an nema. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da maikirogiram 15 a lita a matsayin ƙaranci, likitoci da yawa kuma suna fara magani daga ƙasa da 30 in akwai alamomi. Feritin yana hawa in akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, don haka a auna shi lokacin da kike kan ƙafarki, ko a haɗa da gwajin CRP mai nuna kumburi.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2003 aka buga wani bincike daga Suwizalan kan mata 144 masu gajiyar da ba a san dalilinta ba, kuma ba su da ƙarancin jini. Waɗanda aka ba ayon na mako 4 gajiyarsu ta ragu da kashi 29 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuma da kashi 13, kuma amfanin ya bayyana ne ga masu feritin 50 zuwa ƙasa. A 2012 wani binciken kan mata 198 a Faransa ya samu raguwar kusan kashi 48 bayan mako 12, a kan kashi 29 na ɗaya ɓangaren. Ki duba kanki da kyau. Kina haki in kin hau bene, har sai kin dafa bango a tsakiya? Zuciyarki tana bugawa da sauri a kan ɗan aiki kaɗan? Kina kwaɗayin tauna ƙanƙara ko ƙasa? Ƙafafunki suna hana ki sakat da dare sai kin yi ta motsa su? Farcenki yana karyewa? Duk waɗannan na ƙarancin ayon ne, haka ma zubar gashi. A duniya kusan mace 3 cikin 10 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, waɗanda ma'ajiyarsu ta ƙare ba a sani ba kuma ba sa cikin wannan lissafin.

Kuma ke kin riga kin faɗi inda jinin yake tafiya. Al'adar da ta wuce kwana 7, ko ta sa ki canza auduga kowace awa 1 zuwa 2, ko ta tashe ki da dare, ko ta zo da gudajin da ya kai santimita 2 da rabi, ta yi yawa, ko da kin saba da ita, ko da haka mahaifiyarki take yi. Shan ayon ba tare da an tsayar da zubar ba wahala ce kawai. A yi miki sikanin a duba ko akwai ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita a shekarunki kuma shi kansa yana iya kumbura mara ya danne hanji. Akwai magungunan rage jinin, irin su tranexamic acid da ake sha a kwanakin al'ada, da robar mahaifa mai homon, likitan mata zai zaɓa miki gwargwadon ko kina neman haihuwa. In tun farkon balagarki haka al'adar take, kuma kina yawan haɓo ko jininki yana daɗewa bai tsaya ba in kin yanke, a duba daskarewar jininki. In an tabbatar da ƙarancin, ƙwaya ɗaya a rana ta isa, in ta dame ki a koma kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Kada ki haɗa ta da shayi ko madara. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai. A ci gaba har wata 3 bayan jini ya daidaita domin ma'ajiya ta cika, kuma a ɓoye kwalbar daga yara, domin ayon mai yawa yana kashe ƙaramin yaro. Kada ki fara sha kafin gwaji.

Abu na biyu da ya zo mini a rai tun ina karanta tambayarki shi ne tayirod, glandar gaban wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. In ta yi sanyi, komai na jiki yana yin sanyi. Ga kasala, ga jin ɗari alhali kowa yana gumi, ga ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, yawan jinin al'ada, mantuwa. Ki ga yadda ya yi kama da abin da kika rubuto. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma wasu takan taso musu ne a cikin shekarar farko bayan haihuwa, sai a ɗauka wahalar raino ce. Gwajinta na jini ne, TSH da T4. In kina shan bitamin ɗin nan bayotin don gyaran gashi, ki dakata aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jinin, domin yana gurɓata sakamakon. In kin taɓa zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga nan ruwan nono bai zo ba, al'ada ta ɗauke ko ta yi ƙaranci, ki faɗa wa likita da bakinki, domin akwai cutar Sheehan, wato lalacewar glandar homon da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da take shekaru ba a gano ta ba.

Sauran homon ɗin mata, labarin al'adarki ne yake ja-gora kafin kowane gwaji. Al'ada mai tsallake watanni tare da ƙuraje da gashin haɓa tana sa a nemi PCOS, rikicewar homon da ke hana ƙwai fita a kan kari, wadda ke samun kusan mace 1 cikin 10. Ruwan nono ba tare da shayarwa ba yana sa a auna furolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono. Ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, ciwo wajen saduwa, da kumburin cikin da yake tashi ya sauka tare da wata, suna sa a yi tunanin endometiriyosis, inda nama irin na cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, wadda ake yawan ɗauka ciwon hanji ce. Ga wadda ta haura 45, rikicewar al'ada da zufar dare galibi gabatowar ɗaukewar al'ada ce, kuma da alamomi ake gane ta, domin homon ɗin suna hawa da sauka har gwajin rana ɗaya ba ya nuna komai.

Cikin kuma, ya kamata a nemi cutar siliyak, inda sinadarin gulutin na alkama yake lalata bangon hanji. Tana samun kimanin mutum 1 cikin 100, kuma ƙarancin ayon da kumburin ciki da gajiya su ne fuskarta a wurin manya. Gwajin jini ne, tTG, amma kada ki daina cin alkama kafin a yi, in kin daina zai fito kamar ba ki da ita. In akwai ƙwarnafi da zafin ƙirji ko ciwon saman ciki, a nemi ƙwayar cutar H. pylori a bayan gida ko numfashi, bayan an dakatar da maganin olsa irin su omeprazole na mako 2. Ita ma tana rage ayon. A duba tsutsar ciki in akwai dalili. In duk waɗannan sun fito lafiya, kuma ciwon yana da alaƙa da fitar bayan gida, mai yiwuwa ciwon hanjin nan ne da ake kira IBS, wanda ya fi yawa ga mata kuma yana da hanyoyin sauƙaƙawa. Abin da ba a jira da shi kuwa shi ne jini a bayan gida ko baƙin bayan gida ba tare da shan ayon ba, rama ba dalili, amai mai naci, wahalar haɗiya, zazzaɓi da zufar dare, jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada, da kumburin cikin da ba ya sauka tare da saurin ƙoshi, musamman ga wadda ta kai 50, domin haka sankarar ma'ajiyar ƙwai take sallama. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ta je asibiti a makon nan.

A haɗa da sukari, aikin ƙoda da hanta, bitamin B12, musamman ga mai shan metformin na ciwon sukari ko maganin olsa na dogon lokaci, da gwajin juna biyu, da HIV, tarin fuka da ciwon hanta in akwai dalili. Likitan kirki zai kuma tambaye ki barcinki, ko kina minshari kina farkawa da ciwon kai, da halin da zuciyarki take ciki. In ya tambaya kada ki ji kamar ya raina ciwonki. Ciwon damuwa cuta ce mai gajiyar da jiki kuma tana da magani, sannan mace tana iya samunta tare da ƙarancin ayon a lokaci guda, a yi maganin duka biyun. Akwai kuma waɗanda duk gwaji zai fito lafiya amma ɗan aiki kaɗan ya kwantar da su kwana biyu, sau da yawa bayan wata rashin lafiya irin ta korona. Wannan ma sananniyar cuta ce, kuma ba a ce wa mai ita ta daure ta ƙara motsa jiki.

Kafin ki koma asibiti, ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo da ranar da ta ɗauke, auduga nawa kika canza a rana, ranakun da ciki ya kumbura, da awannin barcinki. In kin shiga, kada ki tsaya a "ina jin gajiya". Ki ce, "Likita, shekara biyu ke nan, ga abin da nake iya yi da, ga abin da na kasa yanzu, ga yawan jinin da nake zubarwa. Ina so a duba mini feritin da TSH." Ki nemi kwafin sakamakonki ki ga lambobin da idonki, ki adana su. In an ce komai daidai, ki tambaya, "To me za mu duba a gaba, kuma yaushe zan dawo?" In ba a saurare ki ba, haƙƙinki ne ki nemi wani likitan, zai fi kyau likitan mata ko na homon.

Wadda kuma ta riga ta yi gwajin gashin, kada jan layin ya hana ta barci. In takardar ta ce akwai dalma ko zaiba ko asenik, ta kai wa likita a tabbatar ta jini ko fitsari, ba tare da an ba ta wani maganin "fito da guba" kafin a ɗebi fitsarin ba, domin wannan yana ɗaga lambar ko a jikin mai lafiya. Ta tattara duk kwalaben da aka sayar mata ta tafi da su, a duba adadin zink da seleniyam da aidin da ke cikinsu in an haɗa, domin sau da yawa sinadari ɗaya yana cikin kwalba uku. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin tayirod, su dakatar da irin waɗannan ƙwayoyin har likita ya gan su, amma kada su taɓa maganin da asibiti ya ɗora su a kai.